Dattijon Bencin Baya

A cocinmu benci na ƙarshe, wanda ke jingine da bango ta hannun hagu, ba a zama a kansa haka kawai. Ko ranar da coci ya cika har ana leƙe ta taga, mutane sun gwammace su tsaya. Na waɗanda ke ƙarƙashin horo ne. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, majalisar dattawa takan zauna ta yanke, a sanar ranar Lahadi bayan wa'azi. Daga ranar ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, ba zai yi waƙa cikin ƙungiya ba, ba zai tsaya a gaban coci don wani aiki ba. Zai riƙa zuwa sujada ya zauna a wannan benci, kowa na gani, har dattawa su gamsu ya tuba, a kira shi gaba a maido shi. Wanda ya ƙi zaman ba a maido shi. Haka muka taso muka tarar.

Mun kuma taso mun tarar da wani tsoho a kan bencin. Kowace Lahadi yana nan, da kwat ɗinsa mai ruwan toka da littafin waƙoƙin da bangonsa ya fita aka ɗinke da zaren takalmi. Ina ƙarama na ɗauka babu mai zunubi kamarsa a duniya. Na taɓa tambayar Mama me ya yi da har yau ba a yafe masa ba. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ai dattijon coci ne, kujerarsa na can gaba kusa da ta Fasto, shi ne bai zama. Baba na Baya ake ce masa.

Shumeka ne. Shagonsa ɗan ɗaki ne tsakanin kantin magani da shagon aski, ƙofa ɗaya, babu taga. Ciki warin gam ne da fata, ga takalma a jere kan katako har kusa da rufi, wasu masu su sun manta da su, wasu sun mutu sun bar su. Yana zama kan guntuwar kujera da tsumma a cinya, basilla a hannu, ƙananan ƙusoshi a leɓe. Ƙusoshin nan ne suka koya masa magana kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Mai jira yana da gajeren benci da wasu silifa biyu da ba su kama da juna, ya sa kafin a gama. Baba ba ya sauri. Mutane da yawa sun shiga da tsinkakken takalmi sun fito bayan sun faɗi abin da ba su yi niyyar faɗa ba, don zaman ya yi tsawo kuma babu halin tashi.

Yadda ya koma baya daga bakin matarsa na ji, wadda muke kira Iya. Tun kafin a haife ni ta yi faɗa da wata mata a bakin famfo, ta fasa mata bokiti a ka, aka sa ta a horo. Lahadin farko ta shiga ta zauna ita kaɗai. Ta ce ji take kamar duk ƙeyoyin da ke gabanta suna da idanu. Ana cikin waƙar farko sai ta ga mijinta ya taso daga cikin maza, ya biyo hanya a hankali, ya zauna kusa da ita, ya buɗe littafi ya miƙa mata gefe ɗaya.

"Ni kuwa haushi ya kama ni," in ji Iya. "Na ce masa ƙasa-ƙasa, tashi ka ba ni wuri, za a ce tare muka fasa bokitin. Sai ya ce mini wai lamba ta nawa ake rerawa."

Ranar da aka maido ta, a ranar aka sanar da wani saurayi da aka kama da akuyar da ba tasa ba. Iya ta koma cikin mata, mijinta ya yi zamansa.

"Ni na yi laifin, shi ya gaji bencin," ta ce.

Da aka zaɓe shi dattijo an yi ta fama da shi ya dawo gaba. Wasu a majalisa suka ce yana rage wa horo ɗaci, alhali kunyar ita ce maganin. Bai yi musu ba. Ya ce shi bai hana kowa jin kunya ba, zama kawai yake yi. Aka gaji aka bar shi.

Aikinsa ba shi da yawa idan aka faɗe shi. Yana riga kowa zuwa. Idan wanda aka sa a horo ya shigo, sai ya matsa masa, ya miƙa gefen littafi. Ranar Jibi dattawa kan zagaya da faranti benci-benci su tsaya kafin na ƙarshe, shi kuma ba ya tashi ya karɓa. Sai an tashi sujada ya shiga ɗakin dattawa ya ci nasa. Muddin akwai wanda ke ƙarƙashin horo haka yake yi, ko mutumin ya zo ko bai zo ba, don kada ya shigo a makare ya tarar ana tauna a kusa da shi. A tsakiyar mako kuma yakan rufe shago ya je inda mutumin yake aiki, ya zauna.

Ba kowa ya dawo ba. Akwai wata tela da ta ce masa ɗan leƙen asirin dattawa ne, ta rufe masa ƙofa, ta koma wani coci. Akwai wani direba da ya yi ta kai da komo, a maido shi yau, bayan ɗan lokaci ya sake komawa bencin. Idan aka yi wa Baba maganarsa sai ya ce, "Ya dai san hanya."

Shekarar da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, horo ya faɗo gidanmu.

Kawu ƙanen Mama ne, makaniki, gida ɗaya muke, ɗakinsa na kallon namu. Shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙa, irin mai kaurin nan da ake ji a ƙirji. Bayan rasuwar matarsa ya fara sha. Da farko a ɓoye, da alewa a baki. Daga baya ya daina wahalar da kansa. Wata Lahadi ya zo sujada a buge, ya hau wurin mawaƙa, ya shiga waƙa kafin kowa, ya ƙi tsayawa inda aka tsaya. Malamin mawaƙa ya kama hannunsa zai sauko da shi, Kawu ya ture shi. Mutumin ya faɗi kan ganga, tabaransa ya karye, leɓensa ya fashe. Duk coci ya gani. Lahadi ta gaba aka sanar.

"Ni?" Kawu ya ce wa Mama a tsakar gida. "Bencin baya? Ni da janaretan cocin nan bai san hannun kowa ba sai nawa? Yaya, su riƙe bencinsu."

"Janareta ne ka ture ko mutum?" in ji Mama.

Bai je ba. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo.

'Yarsa ɗaya ce, muna kiranta Nas saboda aikinta a asibiti, kuma an riga an sa bikinta bayan damina. A wurinmu, idan Fasto ya tambaya wa ya ba da wannan mace aure, uba ne ke miƙewa a gaba ya ce shi ne. Wanda aka sa a horo ba ya tsayawa a gaba. Idan Kawu ya fara zaman da wuri, dattawa za su iya maido shi kafin bikin. Idan ya ƙi, ba bikin kaɗai zai rasa ba, cocin ne gaba ɗaya. Kowa a gida ya san haka, har shi.

Cikin wannan tsohon Fasto ya yi ritaya aka kawo sabo. Ranar da aka gabatar masa da dattawa Baba yana asibiti wajen wani mara lafiya, majalisa kuma ba ta zauna ba tukuna. Abin da sabon Fasto ya gani daga kan mumbari shi ne tsoho ɗaya tilo a bencin horo, Lahadi bayan Lahadi.

Wata rana ina shagon Baba, da silifan nan biyu a ƙafata, sai ga sabon Fasto ya yi sallama. Matashi ne mai ladabi, yana rungume da Littafi Mai Tsarki. Ya dube ni ya ce ko zan ɗan ba su wuri.

"Wannan ba ta magana, Fasto," in ji Baba ta gefen baki. "Ko a gidansu sai an leƙa ake sanin tana nan." Ya dubi ƙafar baƙon. "Dunduniyar nan ta karkace. Cire."

Fasto ya cire ya zauna kusa da ni, ya ɗora ƙafar mai safa a kan ɗayar. Ya gyara murya.

"Baba, tun da na zo nake ganinka a baya. Ranar Jibi ma na lura ba ka karɓa ba. Ban tambayi kowa ba, ba na so in ji daga bakin wani. Na ce gara in zo da kaina."

"Ka kyauta."

"Shekaru sun ja, Baba. Ko mene ne, jinin Yesu ya isa. Tun yaushe kake wurin?"

Baba ya zaro ƙusa ɗaya daga baki, ya buga. "Tun kafin a haife ka."

Na ga Fasto yana neman irin laifin da zai ɗauki wannan tsawon lokaci, bai samu ba.

"Kuma babu wanda ya zo ya zauna da kai a kan maganar?"

"Suna zuwa. Su zauna, su tashi su bar ni."

Ban san inda zancen zai kai ba da Iya ba ta shigo da filas ɗin shayi ba. Ta ji ƙarshen maganar, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ajiye filas ta riƙe ƙugu.

"Tsoho, ka ji tsoron Allah. Yaron mutane ya zo da zuciya ɗaya kana wasa da shi? Fasto, rabu da shi. Ni ce mai laifin, kuma tuni aka yafe mini."

Ta ba shi labarin bokiti tun daga bakin famfo. Fasto ya rufe fuska da hannu, kunnuwansa kawai ake gani. Ya fara ba da haƙuri, Baba ya hana shi.

"Haƙurin me? Ka ga tsoho a baya ka biyo shi har shago. Addu'ar da ka zo da ita kada ka koma da ita, yi mini, ina bukata." Fasto ya yi, da takalmi ƙafa ɗaya. Da aka ce amin Baba ya nuna ni da basilla. "Amma wanda ake jira a bencin kawun wannan ne. Yana gareji."

Fasto ya je garejin a makon. Kawu ya karɓe shi da girmamawa, ya share masa kujera, ya amsa komai da "to, Fasto" da "in Allah ya yarda, Fasto". Lahadi bai zo ba.

Garejin fili ne a bayan gidan mai, da rumfar kwano da ƙasa da ta yi baƙi da man inji. Ni nake kai wa Kawu abincin rana, don haka nakan tarar da Baba can wasu ranaku, zaune kan tsohuwar taya. Da Kawu ya hango kwat mai ruwan toka daga nesa sai ya shige ƙarƙashin mota. Makonni da dama Baba da ƙafafun Kawu kawai yake zama. Yakan gaishe su, ya tambayi aiki, ya ce takalmin hagun nan yana bukatar ɗinki. In inuwa ta juya sai ya tashi ya kaɗe wando ya tafi.

Wata rana an yi ruwa da safe, ƙasa ta jiƙe, ba ta kwantuwa. Kawu ya tsaya a gaban inji da sifana a hannu, bai juyo ba.

"Dattijo, an ce da aka ce a ɗaga hannu a kaina, naka ya riga na kowa tashi."

"Bai riga na Sakataren majalisa ba. Amma na ɗaga."

"Ka ɗaga, sannan ka zo nan kana lotsa mini taya."

"Ka fasa wa mutum baki a gaban 'ya'yansa. Ko gobe aka sake tambaya zan ɗaga."

"To me kake zuwa yi?"

"In gaya maka wurin ba shi da laifi. Akwai iska daga ƙofa. Ba a jin wa'azi sosai, wannan ma wata ranar alheri ne."

Kafaɗar Kawu ta motsa kamar zai yi dariya, bai yi ba. Ya ɗaure wani noti da ba ya bukatar ɗauri. Ya lura da ni a tsaye da kular abinci, ya kira ni da sunan da ya sa mini, ya ce, "Shiru-shiru, ajiye nan." Na ajiye, na koma gefe ina jiran kwanuka.

"Tun ina saurayi nake wa Allah waƙa," Kawu ya ce, ba Baba yake kallo ba. "Ruwa da rana. Ban taɓa cewa ya ba ni mota ko gida ba. Abu ɗaya na roƙa, ina durƙushe a barandar asibiti kamar yaro. Ɗaya. Yanzu kuma ni ne zan je in zauna a baya in ba shi haƙuri?"

Na jira in ji ayar da Baba zai kawo.

"Ba ni da amsar wannan, ɗana," ya ce.

Ya zauna har Kawu ya ci abinci. Kawu ya tura masa kwano, ya ɗan taɓa. Na koma gida na gaya wa Mama ina ganin wannan Lahadin zai je. Bai je ba, da wadda ta biyo baya.

Damina ta janye, aka shiga ɗinke-ɗinken biki, lokacin da ake lissafi a kansa ya ƙure. Fasto ya kai maganar majalisa. Ya roƙa a ɗage wa Kawu horon na rana ɗaya, ya miƙe ya ce shi ne, ya koma. Ya ce yarinyar ba ta da uwa, kada a hana ta uba, kuma wataƙila wannan alherin ne zai jawo mutumin. Dattawa suka ƙi. Kafin yamma labari ya iso gidanmu cewa Baba na Baya yana cikin waɗanda suka ƙi.

Washegari na raka Nas shagonsa. Takalmin bikinta ya matse ta, an ce a kai ya buɗa shi. Ta miƙa masa ba tare da ta zauna ba.

"Baba, har da kai?"

"Har da ni, 'yata."

"Kai da kake zuwa garejinsa kullum? Me zai ragu a cocin in ya tsaya ya faɗi kalma biyu?"

"Cocin ba abin da zai ragu. Shi nake ji wa tsoro. In ya samu ta wannan hanya, ranar ce ta ƙarshe da za ki gan shi a ciki."

"Ka tabbata?"

Ya juya takalmin a hannu. "Ban tabbata ba."

"Ba ka tabbata ba, amma bikina ne ka gwada da shi." Ta karɓe takalminta daga hannunsa. "Bar shi. Zan sa shi a haka."

Ta fita. Baba ya mai da ƙusoshi baki ya jawo wani aikin. Zaren bai zuru ba sai da ya sake gwadawa. Har yau ban san wa ke da gaskiya tsakaninsa da Fasto ba, kuma a gidanmu ma ba a daidaita a kai ba.

Aka aika wa Kawu Babba, yayansu Mama da ke wani gari, ya zo ya miƙa Nas ranar bikin.

Safiyar bikin gida ya cika da mata da hayaƙi da yara masu sababbin kaya. Kawu yana ɗakinsa da singileti, zaune a bakin gado, ƙofa a buɗe rabi. Mama ta goge masa riga ta rataye a ƙusa, bai ko dube ta ba. An sa ni jera kofuna a kan tebur kusa da ƙofar, sai ga Baba ya ratso mutane da kwat ɗinsa. Bai shiga ba, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Makaniki, ba kai za ka miƙa ta ba. Wannan ya wuce, ba zan yi maka ƙarya ba."

"Na gode da ka zo ka tuna mini."

"Abin da ya rage, ko ka gani da idonka ko a ba ka labari."

"In zauna a bencin horo a bikin 'yata, ga surukai? Su ma 'yan coci ne, Dattijo, sun san bencin."

"Za su ga mutum biyu a kai. Fasto da kansa bai gane wanne ne mai laifin ba."

"Sun san fuskata."

"To sun sani." Baba ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. "Za su duba, su sake dubawa, sai amarya ta shigo su manta da kai. Ni zan wuce, ina so in sami wuri."

A coci na zauna a bencin da ke gaban na ƙarshe, inda na saba. Baba yana bayana shi kaɗai. Nas ta shigo a hannun Kawu Babba, tana taku a hankali, wanda bai sani ba zai ce kunyar amarci ce. Aka fara waƙar farko. Wajen baiti na biyu na ji bencin baya ya yi ƙara, na ji Baba ya matsa, na ji ƙamshin sabulu da ɗan warin man inji da ba ya fita daga hannu. Ban juya ba. Wasu daga cikin surukai sun juya. Wata mai babban ɗankwali ta taɓa ta kusa da ita, suka duba tare, suka sake dubawa.

Da Fasto ya yi tambayar, Kawu Babba ya miƙe ya ce, "Ni ne." A bayana aka ja numfashi mai tsawo. Na saci kallo ta gefen ido, na ga hannun Baba a kan gwiwar Kawu, da baƙin gam a faratansa.

Waƙar ƙarshe ta jama'a ce, ba a hana kowa. Kawu ya shiga a hankali, sannan muryar ta buɗe yadda ta saba. Malamin mawaƙa, da sabon tabaransa, yana kaɗa hannu a gaba. Hannun ya tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Da ango da amarya suka biyo hanya za su fita, Nas ta ga mahaifinta. Ba ta tsaya ba, mutane na biye da su. Ta dai ce, "Baba," ya ce, "Na'am," suka wuce. Dattijon da ke kusa da shi ba ta ko kalla ba.

Mama ta ce wannan biki ne, kowa na zuwa biki, a bari Lahadi ta zo. Ranar Lahadi Kawu ya zo ana tsakiyar karatu, idanunsa ja. Ya zauna.

Zaman ya yi tsawo fiye da yadda kowa ya zata. Shan bai tsaya a rana ɗaya ba. Akwai Lahadin da bai zo ba, Baba ya koma kan taya. Akwai lokacin da dattawa suka kusa maido shi, sai aka gan shi yana tangaɗi a bakin titi, aka ɗage. Zuwa gidan malamin mawaƙa ma sai da Baba ya raka shi har ƙofa, ya tsaya a waje yana duba takalman da aka jera a baranda, Kawu ya shiga shi kaɗai. Abin da suka faɗa a ciki ba wanda ya ji. Sun fito tare, malamin yana cewa tabaran farko ma dama ya tsufa.

A cikin watannin nan idon Baba ya fara rauni. Iya ce ke zura masa zare kafin ta tafi kasuwa, ta jera masa allurai a jikin tsumma. Littafin waƙoƙin yana buɗewa ne don na kusa da shi, shi ya daina ganin rubutun. Nas tana gaishe shi idan sun haɗu, gaisuwa cikakkiya, ba ta ƙara komai a kai. Bai taɓa neman ta ƙara ba.

Sai da wata damina ta zagayo aka kira Kawu gaba. Ya tsaya a gaban coci da hannuwa a baya, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a gajarce. Fasto ya tambayi jama'a ko sun karɓe shi, aka amsa. Dattawa suka kewaye shi suka yi addu'a. Ranar Baba ya taso ya zo gaba, yana bin bencuna da hannu, ya ɗora nasa hannun tare da na sauran, ya koma.

Lahadin da ta biyo Kawu ya zo da wuri, da farar rigar mawaƙa a ninke a hammata. Ya tsaya a ƙofa yana kallon tsawon hanyar zuwa gaba, da mutanen da suka fara cika ta ko'ina. Sai ya karkata hagu, ya tsaya a kan Baba yana jira a matsa masa.

Baba bai matsa ba.

"Dattijo, na yau kawai. Ban shirya ba."

"Wuce, Makaniki. Suna jiranka."

Kawu ya ɗan tsaya. Ya warware rigar, ya zura ta a nan bakin ƙofa, wuyanta ya karkace, wata tsohuwa da ke shigowa ta miƙa hannu ta gyara masa. Ya bi hanyar har gaba, ya hau, mawaƙan layin baya suka matsa suka ba shi wuri.